Baturi ɗaya, mutum biyu: gardamar direba da mai kyamara a hanyoyin Damargu

A ƙasar Damargu, tsakanin Tanut da Belbeji, akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi tsakanin mutane biyu da tafiya ta haɗa cikin mota guda, wato direba da mai ɗaukar hoton bidiyo. Mai kyamara yana son ya ja wuta daga baturin mota, domin nasa ya mutu tun ba a kai rabin hanya ba. Direba kuwa ya murtuke fuska yana cewa a bar masa baturinsa lafiya. Sau da yawa shugaban tawaga, ko ma'aikacin gomnati ne ko Alhajin da ya ɗauko motar haya, yakan goyi bayan mai kyamara, tun da hoton ne shaidar da za a nuna wa na gaba cewa an je, an gani, an yi aiki. To amma in aka bi maganar a tsanake, za a tarar direba ya fi gaskiya, kuma akwai hanyar da kowa zai samu biyan bukata ba tare da an kwana a daji ba.

Mai karatu da ke zaune a Yamai yana iya mamakin yadda ƙaramar magana irin wannan ta isa a ba ta fili. Dalilin yana cikin yanayin ƙasar. Garin Tanut yana kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram, bisa babbar hanyar da ta nufi Agadas. Da zarar mota ta sauka daga wannan hanya ta nufi Gangara, ko Falanko, ko Belbeji wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekara ta 2011, ko kuma ta nausa arewa wajen rijiyoyin makiyayan Tenhiya, sai burji da rairayi da sawun tayar waɗanda suka riga wucewa. Wutar lantarki kuma ba ta bi mutane zuwa can ba. A Nijar baki ɗaya kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida, rabon karkara kuwa ya yi ƙasa da haka nesa. Matatar man SORAZ, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana cikin gundumar Tanut tun 2011, a yankin Olelewa, amma rugage da ƙauyuka masu yawa da tocila suke kwana. Ko birane ma sun ɗanɗana, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta daga watan Agusta na 2023 har zuwa farkon 2024. Saboda haka a daji, baturin mota shi ne kamfanin wuta, direba kuma shi ne darektansa.

Yadda kyamara ta koyi cin wuta

Masu ɗaukar hoto na farko da suka ratsa wannan jaha ba su san wannan matsala ba. Ayarin motocin Citroën da ya biyo ta Yamai da Damagaram a ƙarshen 1924, kan hanyarsa ta zuwa tafkin Cadi, ya zo da Léon Poirier, wanda da hannu ake juya kyamararsa kamar mai niƙa. Jean Rouch, da ya fara ɗaukar fim a bakin kogin Kwara bayan yaƙin duniya na biyu, kyamararsa wani ƙarfe ake murɗawa kamar agogon tebur, ta yi aiki abin da bai kai rabin minti ba ta tsaya, a sake murɗawa. Bidiyo ce ta zo da yunwar wuta. Cikin shekarun 1980 kamfanonin Japan suka haɗa kyamara da rakoda a jiki guda, aka samu na'urar da mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa. A 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kaset ya shiga kowace kasuwa, daga nan kuwa biki da suna da naɗin sarauta da kokowa duk suka bukaci mai bidiyo. Bayan babban taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka bazama karkara neman ƙuri'a, kowace da mai ɗaukar mata hoto, haka su ma ƙungiyoyin raya karkara da ke son nuna wa masu ba da kuɗi rijiyar da aka gina.

Manyan kyamarorin kaset na wancan zamani, irin Panasonic da aka fi sani a wajen buki, da baturi mai bolt 12 suke aiki. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da wuta ke turowa da shi. Baturin mota shi ma an rubuta 12 a jikinsa. Sai mutane suka ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, a samo waya biyu a ɗaura. Daga wannan lissafi ne asarar ta faro, kuma har yau, da kaset ya kau aka koma ga wayar salula da ƙananan kyamarori, kuskuren bai canza ba.

Sha biyun da ba sha biyu ba

Wutar mota ba ta zama wuri ɗaya. Baturi mai lafiya, in ya cika kuma inji na kashe, yana nuna kimanin bolt 12.6. Lokacin da direba ya murɗa makulli, demarer, wato injin da ke tada mota, yakan zuƙi wuta da ƙarfi har ta faɗo wajen bolt 9 ko 10. Da inji ya kama, alternater da ke ɗura wa baturi wuta sai ya ɗaga ta zuwa wajen 14. Ke nan cikin ƴan sakanni wutar ta sauka ta hau. Fitilar mota da hon an ƙera su domin su jure wa wannan, kyamara kuwa ba haka ba. Ƙananan kyamarorin hannu baturinsu bolt 7 ne da ɗoriya, wayar salula da ƴan kyamarorin da ake maƙalawa a gilashi kuma bolt 5 suke karɓa. Duk wanda ya haɗa irin waɗannan kai tsaye da mota ya ƙone su nan take.

Babban haɗarin kuwa hanya ce ke kawo shi. Kowa ya bi hanyar burji ya san gargada, waɗannan ƙananan kunyoyi da ke girgiza mota har haƙora su riƙa haɗuwa. Girgizar tana kwance noti a hankali, cikin abin da take kwancewa har da maƙalin wayar da ke kan baturi, wanda makanikai ke kira kos. A cikin mota baturi yana aikin madatsar ruwa ne, shi ke shanye duk rarar da alternater ya turo. In kos ya ɗaga inji na gudu, rarar ba ta da wurin zuwa, sai ta kwarara cikin wayoyi. A tsofaffin motoci wutar kan haura bolt 60, wani lokaci ta kusanci 100, na abin da bai kai rabin sakan ba. Sabbin motoci an sa musu abin da ke tare ta a wajen 35, amma akasarin motocin da ke jigilar kasuwannin Damargu sun riga wannan gyara zuwa duniya. Direba ba zai ga kome ba illa fitila ta ɗan yi walƙiya. Mai kyamara zai ji ƙaurin roba, jarinsa ya tafi.

Akwai kuma tarko na biyu. Manyan motocin ɗaukar kaya, da wasu tsofaffin Land Cruiser masu gazuwal, da bolt 24 suke aiki, batura biyu ne aka jera ɗaya bayan ɗaya. Wasu motocin kuma batura biyu gare su amma an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wutar na nan 12. Ido ba ya rarrabewa sai an bi wayoyin ko an auna. Wasu masu dabara sukan ja wuta daga ɗaya cikin biyun domin su samu 12, alhali yin haka yana sa ɗaya ya rame ɗaya ya ƙoshi fiye da kima, cikin ƴan watanni a yi asarar su duka.

Lissafin da direba ke yi a zuci

A ce an tsira daga duk wannan. Saura tambayar da ta fi damun direba, wato nawa za a ɗiba. Baturi kamar randa yake, abin da ke ciki yana da iyaka, kuma an rubuta iyakar a jikinsa: na motar daji yakan kai amper-awa 70, ma'ana zai iya ba da amper 1 har awa 70, ko amper 10 har awa 7, bisa lissafin takarda. Domin a san abin da na'ura ke ja, sai a raba yawan wat ɗinta da 12. Kyamara mai wat 12 amper 1 take ja, wannan ba ya kashe kowa. Fitilar ɗaukar hoto irin ta da mai wat 100 kuwa ta haura amper 8. In aka yi awa huɗu ana ɗaukar wasan dare da fitila da kyamara inji na kashe, an kwashe kimanin amper-awa 37, fiye da rabin randa ke nan. A yau fitilun sun rage ci, amma kaya sun ƙaru: kwamfutar hannu tana jan wat 60 ko fiye, cajar ƙaramin jirgin ɗaukar hoto haka, ga wayoyin ƴan tawaga da na mai masauki da na maƙwabtansa, tun da ba a hana mutum caji a garinsu. In ta akwatin juya wuta zuwa bolt 220 aka bi, wanda ake kira konbertiser, shi ma yana cin nasa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma yana ci ko ba a maƙala masa kome ba muddin yana kunne.

Baturin tada mota ba a yi shi domin a riƙa kwashe shi haka ba. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, sa'an nan a mayar masa. Duk lokacin da aka zuƙe shi ƙasa da rabi kwanansa na raguwa. Zafin bazara, da kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ya riga ya tsufar da shi, ta yadda abin da ke ciki bai kai abin da aka rubuta ba. Da asubar hunturu kuma, cikin Disamba da Janairu, injin gazuwal yana bukatar a ɗumama shi da buji, demarer kuma ya ja ɗaruruwan amper kafin ya juya. Baturin da aka kwana ana tatsa sai ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru. Barin inji yana aiki a tsaye minti goma ba ya mayar da abin da aka ɗiba, sai an yi tafiyar awoyi.

A cikin gari wannan ƙaramin abu ne, yara su tura mota ta tashi, ko a aro baturin maƙwabci. A cikin rairayi mota ba ta turuwa. Mutum goma ba su kai kat-kat mai kaya gudun da zai tada inji bisa tudun yashi, mai canza giya da kanta kuwa ko a kan kwalta turi ba ya tada ta. A hanyar da mota ke wucewa ranar kasuwa kaɗai, kuma waya ba ta samun layi, jiran taimako yana iya cin kwana, ruwan jarka na raguwa, in akwai maras lafiya ko mai ciki a motar abin ya wuce wasa. Jahar Damagaram ba ta manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da ƙishirwa ta kashe mutum 92 arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Damargu ba ta kai can wofi ba, amma direban da ya saba da arewa da wannan tunani yake kallon baturinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haɗari na ƙarshe shi ne gobara. Wayar da aka ɗaura kan baturi ba fizibil, wanda a Kano ake kira fiyus, in girgiza ta goge robarta ta taɓa ƙarfen mota, nan take take yin ja kamar garwashi. Motocin daji da jarkokin mai suke tafiya. In abin ya faru bayan damina, lokacin da ciyawa ta bushe, wutar ba ta tsayawa ga mota, kuma makiyayan Belbeji da Tenhiya sun san abin da gobarar daji ke yi wa abincin dabbobi na shekara guda.

Abin da ya kamata a yi

Maganin ba shi da tsada in aka gwada shi da asarar. Hanya mafi aminci ita ce kyamara ta yi aiki da nata baturi, a tanadi na biyu da na uku, mota kuma ta riƙa caja su lokacin da ake tafiya. Ta haka in wutar mota ta yi tsalle, caja ce za ta ƙone, kyamara na gefe. In tilas sai an ɗauki hoto mai tsawo mota na gudu, to a sa na'urar daidaita wuta a tsakani, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana karɓar bolt 12 har 24 tana fitar da daidai abin da kyamarar ke so, kuma a bar baturin kyamarar a cikinta. Dalili kuwa, ramin kunna sigari da ake soka caja ba a yi shi domin gargada ba: kan cajar yakan yi tsalle, wuta ta yanke ta dawo. A zamanin kaset ƴan sakanni ake rasawa. A zamanin katin ajiya, in wuta ta yanke kafin na'ura ta rufe abin da take rubutawa, ɗaukar gaba ɗaya tana iya lalacewa, jawabin hakimi na rabin awa ya tafi.

Wanda zai ja waya daga kan baturi kai tsaye, ya kai wa mai gyaran wutar mota. A sa fizibil kusa da baturi, tazarar da ba ta wuce taki ɗaya na hannu ba, mai amper 3 ko 5 in kyamara ce kaɗai. In ya ƙone a nemi dalili, kada a cusa takardar kwalin sigari ko silin waya a gurbinsa kamar yadda aka saba. A tabbatar da jar waya ta tafi ga alamar tarawa, baƙa ga alamar ɗebewa, domin juya su kashe na'ura yake. Baƙar wayar ita ake haɗawa daga ƙarshe, a jikin ƙarfen mota nesa da baturi, saboda baturi na fitar da iska mai kama wuta. Kafin a tada inji ko a kashe shi a zare duk abin da aka soka. Kowace safiya direba ya girgiza kos da hannu ya ji ko ya saki, ya duba ƙarfen da ke danne baturi. Kada kuma a bar kyamara ko waya tana caji a ƙarƙashin gilashin gaba da rana tsaka, inda zafi kan wuce digiri 60, alhali baturan zamani ba su son caji sama da digiri 45. Doka ta ƙarshe ita ce ta zango: in inji ya mutu, jan wuta ya ƙare, sai fa in direba ya yarda.

Masu wannan sana'a kullum, da ofisoshin da ke yawan rangadi, ya dace su wuce nan. Baturi na biyu, da makunnin da ke haɗa shi da na mota in ana tafiya ya raba su in an tsaya, yana kashe gardamar baki ɗaya: a tatse shi har ya ƙare, mota za ta tashi da safe. Ga kuma rana, wadda Damargu ba ta rasa ba. Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka kafa ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL, tun cikin shekarun 1960, wanda marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya daɗe yana shugabanta. A yau pano, wato allon tara hasken rana, ya shiga kasuwannin karkara. Mai wat 50, in an haɗa shi da na'urar daidaita caji, yana iya tara kimanin wat-awa 200 a yini, abin da ya ishi kyamara da wayoyin tawaga.

Kira ga ƴan kasuwa da magabata

Ƴan kasuwar da ke sayo waɗannan kaya daga Kano ko Kasuwar Dole ta Damagaram su kai Tanut da Bakin Birji suna da nasu alhaki. Caja marar suna, marar rubutun abin da take karɓa da abin da take fitarwa, ta fi saurin fita domin araharta, amma araha ba ta ado. In ta ƙone wayar malamin makaranta ko kyamarar saurayin da ya ci bashi ya saye ta, sunan mai shago ne ke ɓaci a garin da kowa ya san kowa. Mai shago ya tambayi mai saye irin motar da zai shiga, ya ajiye fizibil a kusa da caja ya sayar da su tare, ya kuma mallaki ƴar na'urar auna wuta domin gwaji a gaban mai kaya.

Ma'aikatan gomnati da na ƙungiyoyi kuma su dubi yadda suke tsara tafiya. Ana rubuta kuɗin mai da kuɗin guzuri, ana ɗaukar mai bidiyo, amma ba safai ake tunanin inda zai samu wuta ba. In baturi ya mutu a daji, direba ake tuhuma, shi ake ba takardar neman bahasi, alhali shi ne ya yi gargaɗi aka ce ya cika rowa. Direba yana ƙasan kowa a jerin albashi, amma a kan hanya rayukan tawaga na hannunsa. Ya kamata shugabannin ofisoshi su rubuta a fili cewa a sha'anin wutar mota maganar direba ita ce ta ƙarshe, su kuma sa baturi na biyu da pano cikin kayan kowace motar rangadi, kamar yadda ake sa tayar ajiya da shebur.

Ba wanda ke son a daina ɗaukar hoton Damargu. Shekara da shekaru baƙi ne ke zuwa da kyamara su tafi da hoton, tun daga ayarin Citroën har zuwa tseren motocin Paris-Dakar da ya fara ratsa Agadas a 1979. Yanzu ƴaƴan ƙasar ne ke ɗaukar kasuwarsu da bukinsu da rijiyarsu, suna kuma nuna wa magabata halin da hanyoyinsu ke ciki, kuma wannan ci gaba ne da ya cancanci a kiyaye shi. Sai dai hoton da bai iso gida ba bai amfani kowa ba, kuma mota ce ke kawo shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya sauki matafiya lafiya.